Shankara da Ibn Arabi ba magana ɗaya suke yi ba

Na karanta wani rahoto da ya ce koyarwar Advaita ta ƙasar Indiya da wahdatul wujud (kaɗaitakar samuwa) na sufaye duk abu ɗaya ne, kuma a ganina marubucin ya yi gaggawar haɗa su.

Shankara, babban malamin Advaita, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 miladiyya, ya koyar da cewa sani tsantsa, wanda suke kira Brahman, shi kaɗai ne haƙiƙanin samuwa, kuma ran mutum bai bambanta da shi ba. Ɗaya daga cikin hujjojin mabiya Advaita tana cikin barci: mutum yakan tashi daga barci mai nauyi ya ce ya kwana lafiya bai san komai ba, to wa ya shaida wannan rashin sanin? Misalin da suka fi bugawa kuma, wanda duk ɗan ƙauye zai gane shi, shi ne na wanda ya ga igiya yashe a hanya da magariba ya zabura yana zaton maciji ne, da aka haska fitila sai macijin ya ɓace, igiya tana nan inda take; wato a wurinsu duniya kamar macijin take, Brahman kuma kamar igiyar.

Ibn Arabi kuwa, malamin sufaye da ake jingina wa wahdatul wujud, wanda aka haifa a Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙa a 1240, bai daina kiran bawa da sunan bawa ba, wato bai share bambancin bawa da Ubangiji ba. A Indiyan ma, Shaihu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya ce kaɗaitakar da sufi yake gani tana cikin shuhudinsa, wato ganin zuciyarsa, ne kawai, amma halitta daban take da Mahalicci.