Ƙanena, kafin ka taɓa asusun da ba naka ba

Kai da kake raba dare a gaban kwamfuta kana koyon yadda ake gano ɓaraka a shafukan intanet, da kai nake magana yau, kuma ba don in kashe maka gwiwa ba. Wallahi ina jin daɗi idan na ga yaro ya iya abin da mu ba mu iya ba muna shekarunsa. Damuwata ita ce waɗanda suka riga mu zuwa wurinka. Tun kafin iyayenka su gane abin da kake koyo, wani a Telegram ya riga ya gane. Ya yaba kaifin ƙwaƙwalwarka, ya turo maka manhaja kyauta, ya ce gwaji ne kawai. Daga nan zai shaida maka cewa babu wanda za ka cuta, domin kuɗin banki ne ko na wani ƙaton kamfani, kuma babu wanda zai gan ka tunda ka kunna VPN, manhajar da ke ɓoye wurin da kake shiga intanet.

Bari in ba ka labarin goggona, sai ka auna maganarsa ta farko.

Wata rana da yamma aka kira ta a waya. Murya ce mai ladabi, har da gaisuwa da tambayar iyali. Ya ce daga zauren WhatsApp na ƙungiyarsu yake, za a yi taro ta intanet, an turo mata lambobi shida, ta karanto masa don a sa sunanta. Ta karanto. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin da WhatsApp ke turo wa mai layi idan ana son buɗe asusunsa a wata waya. Kafin ta ajiye wayar an fitar da ita. Shi kuma nan take ya sa tasa lambar sirrin a matakin tsaro na biyu, ya rufe ƙofa ta ciki. A daren ya bi sunayen mutanen da ke zaurukanta ɗaya bayan ɗaya, da hotonta da sunanta, yana cewa tana asibiti a taimaka. Mutane suka tura, saboda ita mace ce da ba a taɓa jin ta roƙi kowa ba. Na same ta washegari zaune da wayar a cinya, tana kiran mutane tana ba su haƙuri, muryarta na rawa. Ko sau ɗaya ba ta yi zancen kuɗin ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Da sunana aka yi bara." Shekara sittin tana tattalin mutuncinta, wani yaro da bai taɓa ganin fuskarta ba ya zubar mata da shi cikin dare ɗaya.

Wannan ita ce illar allo. Ɓarawon da ya haura katanga yana jin numfashin masu gida, yana ganin takalman yara a ƙofar ɗaki, wani lokaci ma zuciyarsa ta karye ya juya. Kai ba ka ganin komai sai lambobi, shi ya sa zuciya ba ta hana ka. Amma mutanen suna nan. A ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta kulle kwamfutocin asibitoci, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Waɗanda suka sake ta ba su ji nishin ko mutum ɗaya ba.

Akwai wanda ya fi wannan taɓa ni. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa, sa'o'i kaɗan bayan an yaudare shi da sunan budurwa a Instagram, an karɓi hotonsa na tsiraici, an ce ya biya ko a tura wa 'yan'uwansa da abokansa. Wasu 'yan'uwa biyu ne daga Legas suka yi. An miƙa su ga Amurka a 2023, a Satumbar 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. Ka lura da abu ɗaya a shari'ar: asusun da suka yi amfani da shi saye suka yi, na wata ce da aka yi wa kutse. Ke nan can baya akwai wani wanda aikinsa kawai sace asusu ya sayar, wanda watakila har yau yana gaya wa kansa shi bai cuci kowa ba.

Sai batun cewa ba za a gan ka ba. Wanda ya faɗa maka haka ko dai bai san aikin ba, ko kuma so yake ka shige gaba ya fake a bayanka. Intanet ba ta mantuwa. Kowace shiga tana barin sawu a wani wuri: imel ɗin da ka buɗe tun kana sakandare, sunan ɓoyen da ka taɓa amfani da shi a wasan gem, ranar da VPN ya katse na minti ɗaya ba ka lura ba, wurin da kuɗin ya fita ya zama tsaba. Kai dole ka yi daidai kullum. Mai bincike kuskurenka ɗaya yake jira, kuma albashi ake biyansa don ya jira. Graham Clark yana ɗan shekara 17 ya yi wa Twitter kutse a 15 ga Yulin 2020, ya ƙwace shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, ya tara bitkoyin na dala dubu ɗari da 'yan kai. Duniya ta girgiza. Kafin watan ya ƙare an ƙwanƙwasa masa ƙofa a Florida. Ramon Abbas, wanda kuka sani da Hushpuppi, mabiyansa a Instagram sun haura miliyan biyu, samari da yawa sun ɗauke shi madubi. Hotunan da yake burge ku da su, har da na bikin ranar haihuwarsa, suna cikin abin da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta tabbatar da ko shi wane ne. An kama shi a Dubai a Yunin 2020, a Nuwamban 2022 kotu a Los Angeles ta ba shi wata 135.

Amma labarin da nake so ka zauna da shi na Marcus Hutchins ne, domin ya fi kama da kai. Ɗan Ingila ne, ya koya wa kansa kwamfuta a ɗakinsa a gidan iyayensa. Shi ne ya tsayar da WannaCry: ya gano wani adireshin intanet ɓoye a cikin manhajar, ya yi masa rajista da kuɗin da bai wuce dala 11 ba, sai yaɗuwar ta tsaya. Yana da shekara 22, jaridu suka kira shi gwarzo. Bayan wata uku, a Agustan 2017, jami'an FBI suka tsare shi a filin jirgin Las Vegas yana shirin komawa gida. Laifinsa manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos ce, wadda ya sa hannu wajen rubutawa shekarun baya, a harkar da ya faɗa tun yana ɗan saurayi. Ya riga ya daina, ya kama aikin halal, ya ceci asibitoci, amma abin da ya shuka yana nan yana jiransa. Ya shafe kusan shekara biyu ba shi da ikon barin Amurka. Ya amsa laifi a 2019, alƙali ya duba alherin da ya yi bai ƙara masa zaman kurkuku ba. Mu nawa ne za mu samu alheri mai girman wannan da za mu ajiye a gaban alƙali?

A nan zan ɗan ratse, saboda waɗanda ba su iya kutse ba ma suna faɗawa. Idan aboki ya ce ka ba shi aron lambar asusun bankinka, kuɗi za su shigo ka cire ka ɗauki kasonka, to ka sani sunanka ne farkon wanda bincike zai tarar. Shi ya san dalilin da ya sa bai ba da nasa ba.

Ilimin kansa ba shi da laifi. Wanda ya iya ƙera makulli dole ya iya buɗe shi. Abin da ya raba ma'aikacin tsaro da ɓarawo izini ne, kuma ba yau muka san haka ba. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini, a Hujurat kuma an hana mu bin diddigin sirrin juna. Wayar mutum a yau ta fi ɗakin kwanansa sirri. Don haka shiga Facebook ɗin aboki "don wasa", ko dasa wa budurwa manhajar leƙen saƙonni don ka ga da wa take magana, duk haura katanga ne, kuma yawanci daga nan hannu yake sabawa. In gwaji kake so, akwai shafukan koyon kutse irin su TryHackMe da Hack The Box, an gina su ne don ka fasa su. In kuɗi kake so, Google da Facebook da Microsoft suna biyan wanda ya gano musu ɓaraka ya kai rahoto bisa ƙa'idarsu. A 2016 Facebook ya ba wani yaro ɗan shekara 10 a Finland dala 10,000 saboda kuskuren da ya gano a Instagram. A 2019 Santiago Lopez ɗan Ajantina, yana da shekara 19, ya zama na farko da ya tara dala miliyan ɗaya ta wannan hanya a HackerOne, dandalin da ke haɗa kamfanoni da masu gano ɓaraka. Ba zan ɓoye maka ba, hanyar tana da tsawo, za ka iya yin watanni ba ka samo komai ba, kuma ba kowa ke zama Lopez ba. Sai dai idan aka buga ƙofa da asuba gabanka ba zai faɗi ba.

Idan kuma ka riga ka tsoma ƙafa, ka fita yau. Ka bar zaurukan nan, ka nemi babban da ka yarda da shi ka gaya masa gaskiya. Kada ka manta, haƙƙin mutum istigfari kaɗai ba ya sauke shi, sai an mayar ko mai shi ya yafe, kuma yaya za ka nemi yafiyar mutum ɗari da ba ka san ko sunansu ba?

Goggo ta jira kwana bakwai, domin haka tsarin WhatsApp yake idan ɓarawo ya sa tasa lambar sirrin. Ranar da suka cika, jikanta ɗan shekara 16 ya zauna kusa da ita ya dawo mata da asusun. Ya sa mata matakin tsaro na biyu, ya haɗa da imel, ya sa ta maimaita sau uku cewa ko shi ne ya kira ba za ta karanto lambobin nan ba. Da saƙonni suka fara shigowa ta riƙe hannunsa, ta daɗe tana sa masa albarka.