Na'urar da babu mai taɓa ta, wa take tambaya kalmar sirri?

Duk sanda na ce na sa kwamfuta ta riƙa shiga asusu da kanta, sai wani gwanin tsaro ya kalle ni kamar na bar ƙofar gida a wangale na tafi Umara. Yau dai zan faɗi nawa, mai jin haushi ya ji.

A kemis ɗin yayana akwai wata 'yar Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, da na liƙa a bayan talabijin. Aikinta ɗaya tak, nuna farashin magani da abin da ya ƙare. Ko kibod ba ta da shi. Makon farko, da an ɗauke wuta an tada janareto, sai ta farka ta tsaya cak a baƙin allo tana jiran suna da kalmar sirri. Yaya ya bugo: "Kai, abin naka ya sake suma." A rana sau uku, wani zubin huɗu. Wa zai buga mata? Yaron shago da ke fama da layin masu zazzaɓi?

Baƙin allon nan ba lalacewa ba ce. Linux na da tagogi na rubutu zalla, galibi tty1 zuwa tty6. Danna Ctrl da Alt da F3 tare ka gani. Mai gadin kowace taga wata ƙaramar manhaja ce, getty, wadda aka gada daga Unix na shekarun 1970, zamanin da mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya, kowa na zaune gaban na'ura mai kama da tafireta. A lokacin, tambayar "wane ne kai?" dole ce. A bayan talabijin ɗin yayana fa?

Gyaran ba wuya. A da fayil ɗin /etc/inittab ake taɓawa, amma tunda systemd, manhajar da ke tada sauran manhajoji in an kunna na'ura, ya mamaye gari, Debian ma, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta koma kansa a 2015, sai dai ka buga systemctl edit getty@tty1. A ƙarƙashin [Service] ka fara sa ExecStart= shi kaɗai, babu komai a gabansa, sannan a layi na biyu ka kira agetty, wato getty ɗin Linux, da --autologin da sunan asusun. Wannan layin fankon ne ya cinye mini dare guda. Shi ke goge tsohon umarni, in ka manta da shi systemd zai ga umarni biyu ya ƙi tada getty. Masu Raspberry Pi ma an hutar da su, zaɓin yana cikin manhajar saitinta, raspi-config.

Yanzu maganar tsaro. Wanda hannunsa ya kai ga na'urarka, kalmar sirrin shiga ba za ta tare shi ba. Ya zare katin ajiyar, ya soka a wata kwamfutar, ya karanta komai. In laftof ce ya tada ta da filashi, ko ya ƙara init=/bin/bash a GRUB, manhajar da ke tada Linux, shi ke nan ya zama mai gida. Abin da ke hana ɓarawo karanta fayilolinka shi ne rufe faifan gaba ɗaya ta yadda ba ya karantuwa sai da makulli, irin yadda tsarin LUKS na Linux ke yi. Mutane da yawa na taƙama da doguwar kalmar sirri alhali faifansu tsirara yake, ƙaton kwaɗo a ƙofar zana.

Amma masu sukar suna da gaskiya a wuri guda, kuma ni ma na faɗa ramin. Wane asusu ne ke shiga? Da farko na sa nawa, wanda ke da ikon sudo, wato ba da umarni a matsayin mai gida, ba tare da tambaya ba. Duk wanda ya zo da kibod a aljihu zai iya yin yadda ya ga dama, har ya leƙa sauran na'urorin shagon. Shekara da shekaru Raspberry Pi na zuwa da asusun pi da kalmar sirri raspberry, sai a Afrilun 2022 aka daina, to ka haɗa wannan sakacin da shiga kai tsaye ka gani. Wanda kuwa ya sa root, asusun da ke da iko kan komai, ya riƙa shiga da kansa, ba ni da abin ce masa sai Allah ya shirya.

Na buɗe sabon asusu da ba shi da ikon komai sai nuna farashi. A .bash_profile, fayil ɗin da ake karantawa da zarar asusu ya shiga, na ce in tagar tty1 ce, a tada manhajar farashin da umarnin exec. Ta haka in manhajar ta mutu zaman ya ƙare, getty ya sake shiga, ta sake tashi, babu wurin da wani zai tsaya ya buga umarni. SSH kuwa, hanyar shiga na'urar daga nesa, ban taɓa shi ba, har gobe sai da makulli.

Laftof ɗina da nake yawo da ita a Keke Napep tana tambayata kalmar sirri, kuma haka nake so. Ta kemis kuwa an fi wata biyar ba ta suma ba. Yanzu in Yaya ya bugo, to farashin maganin tari ne ya sake tashi.