Wane garin ake so ta koma?

Masu ta turo min saƙo tun shekaranjiya cewa "ai doka ce, a yi haƙuri", ku tsaya ku ji. Abin da aka yi wa yarinyar nan da aka hana takardar shaidar zama 'yar asalin Kano saboda kakanta Bayarabe ne, zalunci ne, kuma ba zan sake masa suna ba.

Ina tsaye a wurin. Mahaifinta, dattijo mai furfura, ya miƙa takardar haihuwarta da shaidar mai unguwa. Ma'aikacin ya duba sunan kakanta, ya turo takardun baya da ɗan yatsa, ya ce, "Baba, ku je garinku ku karɓo." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wane garin? A nan aka yanke min cibiya." Yarinyar tana gefe tana murza bakin hijabinta. Ko kirga goma ba ta iya da Yarabanci ba. Kakan ne ya zo daga Ogbomosho da tallan yadi, a Kano ya mutu, a Kano aka binne shi. Amma takardar shaidar ɗan ƙasa da za ta nemi gurbin karatu da ita ta gagara.

To wai waye ɗan Kano? Garin nan baƙi ne suka cika shi, shi kuma ya rungume su ya mayar da su nasa. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji da addini. Sunayen unguwanni kaɗai sun ishe mu shaida: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Alhassan Ɗantata Ba'agale ne, wato jinin Agalawa fatake da asalinsu ba Kano ba, akwai wanda ya taɓa ce wa zuri'arsa su koma wani wuri? Sabo Bakin Zuwo jinin Nufawa ne, ya yi gwamna a 1983. Malam Ibrahim Shekarau asalin gidansu Biu, Kanawa suka zaɓe shi sau biyu, daga 2003 zuwa 2011. Kakanninmu ba su tambayi takarda ba. Ka zauna da mutane lafiya, ka je suna ka je jana'iza, ka ba da aure a ba ka, shi ke nan ka zama ɗan gari.

Wani ya rubuto min wai a Kudu ma haka ake wa namu. Na sani. Na san Bahaushen Jos da kakan kakansa ya zo haƙar kuza har yau ana kiransa baƙo, na san jinin da aka zubar a 2001 da 2008. Shi ya sa ma raina ya ɓaci! Abin da muke kuka da shi a Filato shi muke yi wa jikar maƙwabcinmu, sannan da wane baki za mu yi ƙorafi? A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, mutanen zango (unguwannin Hausawa da sauran baƙi) da yawa suka baro gidajen da suka gina. A 1983 mu ma muka kori 'yan Gana. Me aka ƙaru da shi?

Masu cewa guraben ba su da yawa, ku je ku tambayi waɗanda suka hana a gina makarantu. Ba yarinya 'yar shekara 18 ce ta cinye muku gurbi ba. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda asalinsa, amma tsarin rabon muƙamai ya sa kowa yana yawo da takardar asalin kakansa. Ita yanzu Kano ta ce ba tata ba ce, Ogbomosho ba ta san da ita ba. Ƙasar da ake ce mata ta so, ina take?

Wallahi da na ga idon dattijon nan ya ciko, kunya ce ta kama ni, don shi ya kai mahaifiyata asibiti da motarsa da tsakar dare lokacin ina ƙarami.