Ku nuna wa mai karatu abin da ya zaɓa

Sabon fasalin wani shafin intanet da ake ta yabo, ni dai ban ga abin yabo a cikinsa ba, tunda jerin laƙubban da aka tanada domin tace rubuce-rubuce ba ya nuna wanda mutum ya latsa. Mai karatu ya zaɓi "Kiwon Lafiya", rubuce-rubucen da ke ƙasa su sauya, amma a sama laƙubban suna nan launi ɗaya, kauri ɗaya, sai ka ce babu wanda ya taɓa su. Madalla da wannan ƙwarewa! Ashe aikin mai karatu ne ya haddace abin da ya latsa.

Masu kare aikin sun ce ai an sauya launin, daga ruwan toka zuwa ruwan toka mai ɗan duhu. Wannan ba amsa ba ce. Tun 2008 ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, waɗanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta W3C ta fitar, suka ce kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da bayani, sannan bugun 2018 ya nemi bambancin haske na aƙalla 3:1 ga irin wannan alama, saboda akwai mutane da yawa, galibinsu maza, da ba sa bambance ja da kore, ga kuma masu raunin gani da ba sa bambance toka da toka.

Gyaran kuwa bai kai ya kawo ba. A cike bayan laƙabin da aka zaɓa, a kaurara rubutunsa ko a ja masa layi, sannan a sanya masa aria-current ko aria-pressed, wato alamomin da ake rubutawa a lambar shafi, domin makahon da ke amfani da manhajar karanta allo shi ma ya ji wanne ne ke aiki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne alamar ta samo asali daga adireshin shafin, ba daga latsawar kaɗai ba, domin idan ba haka ba, da zarar an sabunta shafin ko an tura wa wani mahaɗin, sakamakon zai zo a tace amma alamar ta ɓace, mutum ya zauna yana zaton abin da ke shafin ke nan gaba ɗaya. Wannan ne ya fi damuna da gaske: mai neman bayani ya tafi hannu rabbana alhali bayanin yana nan.

Shi kuwa maɓallin goge zaɓi, wanda aka matse a lungu har yatsa ba ya iya kama shi a waya, ina son sanin wanda ya amince a sake shi haka.