"Haka Allah Ya Yi Ni" Ba Uzuri Ba Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram da na nesa.

Akwai maganar da ta yi yawa a bakinmu. Mutum zai ci mutuncin matarsa, ko ya daka wa yaron shagonsa tsawa a gaban jama'a, in an yi masa magana sai ya ce: "Ni haka Allah ya yi ni, hali zanen dutse." Wallahi maganar nan tana ba ni tsoro, domin mai faɗinta ya rufe wa kansa ƙofar gyara, ya kuma jingina wa Ubangijinsa abin da shi ya rena da hannunsa shekara da shekaru.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa wasu mutanen Madina sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya ba su, suka sake roƙo ya sake ba su, har abin hannunsa ya ƙare. Sai ya gaya musu cewa wanda ya kame kansa Allah zai kame shi, wanda kuma ya tilasta wa ransa haƙuri Allah zai ba shi haƙuri. Ashe kai ne za ka fara, da ƙyar, kana cije leɓe, sannan taimakon Allah ya same ka a hanya. Ku dubi bakin tsohuwar rijiya: igiyar guga ba ta da kaifi, amma ja na kullum ya sa ta yi wa dutse kwari.

Ina ake wannan horon? Mu mutanen garin nan ba sai an nuna mana ba. Bazara ta yi, ruwa ya yi wuya, jarkoki sun yi layi a bakin pampo tun kafin kiran assalatu. Baiwar Allah, kin bar yara suna barci kin zo kin tsaya, sai wata ta zo daga baya ta ture jarkarki da ƙafa ta ajiye tata. Zagi ya riga ya hau harshenki. In kika haɗiye shi kika ce "yaya, layi nawa ne, ki yi haƙuri ki koma baya," kin karɓi haƙƙinki, kin kuma tsira da ladanki. Ranar farko zuciya za ta yi ta tafasa har gida. In kika jure, wata rana za ki ga abin bai ma tsaya miki a rai ba.

Haka mai awo a Kasuwar Dole. Hatsin da yatsa ke sharewa daga saman tiya bai kai cikin tafin hannu ba, amma a kan irinsa aka saukar da Suratul Muɗaffifin. Wanda ya saba cika tiya ga yaron da aka aiko, wanda bai san awo ba, shi ne gobe za a ba ajiyar miliyoyi a kwana da ido rufe.

Gida kuwa ya fi ko'ina wuya. Da yawanmu fara'armu a majalisa take ƙarewa, muna shiga zaure sai fuska ta murtuke. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, Annabi bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Mu fa, daga la'asar zuwa magariba sau nawa muke yi wa 'ya'yanmu?

Kada ka ce gobe za ka gyara komai, abin da ke karya mu ke nan bayan kowane azumi. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Zaɓi hali guda, wanda ka san iyalinka sun fi kuka da shi. In ba ka sani ba, tambayi matarka ko mahaifiyarka, kuma in sun faɗa kada ka yi gardama. Bayan isha'i, kafin ka ɗauki waya, ka tambayi kanka inda ka faɗi yau. In akwai wanda ka ɓata wa, ka je ka nemi gafararsa kafin ya kwanta.