Sayen inji ba ya mai da ƙaramin kulob yaron gida

Duk shekara in an zo tseren motoci na Formula 1 a nan Jidda sai wannan maganar ta taso a majalisarmu, wai kulob ɗin da ke sayen inji wajen Mercedes ko Ferrari ai yaronsu ne, ba shi da ikon wuce su a fili. Na gane dalili, wanda ke ba ka inji kamar wuyanka na hannunsa ne. Amma gaskiya abin ya fara isata, don ba haka yake ba.

Ciniki ne da kwantiragi, ka biya kuɗinka a ba ka kaya. Kuma tun 2018 hukumar FIA mai kula da tseren ta tilasta injin da aka ba kwastoma ya zama iri ɗaya da na mai shi, har da manhajar da ke sarrafa ƙarfinsa, saboda haka ba maganar a rage maka wuta a ɓoye. Sauran aikin, wato jikin mota da yadda take yanka iska da dabarar canjin taya, wannan kowa tasa ta fisshe shi.

A kan titin Corniche ɗin nan a 2025 Oscar Piastri na McLaren ne ya ci, da injin Mercedes a motarsa, shi kuwa George Russell na Mercedes ɗin kanta ya ƙare na 5. Babu wanda ya ce wa Piastri ya ɗaga ƙafa.

Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne wajen direbobi, babba kan tura matashinsa ƙaramin kulob ya goge, kamar yadda Russell, matashin Mercedes a lokacin, ya zauna Williams mai sayen injin Mercedes daga 2019 zuwa 2021. To wannan alfarma ce ta juna, kowa da ribar da yake ci.