Dokar liƙi ba ta hana yi wa makaɗi kyauta ba

A bukukuwan Gombe, wasu sun daina ba makaɗa ko sisi, wai doka ta hana. Ba haka ba ne. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira, manna ta a goshi ko jikin mutum, da taka ta ana rawa. Hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

Kyauta kam tana nan. A ajiye faranti gaban mai kalangu, ko a miƙa wa sanƙira a hannu ya yi shelar sunanka. Da kuɗin nan 'yan amshi ke cefane, hana su zalunci ne.